Wa Ya Koro Ka, Bazazzagi?

Gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da sauran Zage-zagi baki ɗaya, da fatan tukunyar fate ba ta kama ba. Bayan haka, labari ya iso mana nan Kano ta bakin direbobin da ke kwana a Kwangila. Sun ce kullum da an sallame sallar asuba sukan ga wani dogo siriri ya fyallo daga wajen Samaru da gajeren wando, ba ya waiwaye, ba ya amsa sallama, ya bi ta ƙarƙashin gada ya nufi PZ. Da farko sun ɗauka ɓarawon waya ne, har wani yaron mota ya rarumo sanda. Da suka duba bayansa ba su ga mai binsa ba, sai suka ce to Allah ya ba shi lafiya. Na ce musu su kwantar da hankalinsu, ba ɓarawo ba ne, ba kuma na turu ba ne. Bawana ne, ɗan tseren gudun fanfalaki, kuma abin gado ne.

Eh, gado na ce. Lokacin da mutanen jihadi suka shigo Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau, Allah ya jiƙan maza, da ya sa gabansa kudu bai yada zango na sosai ba sai ƙasar Zuba. Ƙaninsa Abu Ja shi ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Ka auna tazarar da kanka: ta kai gudun fanfalaki biyar a jere, ba ruwan leda, ba takalmi mai soso, ba agogo a hannu. Na san abin da ke bakinka, za ka ce ai Sarkinmu Alwali ma ya bar Kano da sauri. To na riga ka. Da ya bar Kanon ina ya je ya fake? Zariya. Ko a wancan zamani, in gudu ya kama Bakano ya san garin da ake koyar da shi.

Mu da ake cewa ko da me ka zo an fi ka, ba mu taɓa sa gudu cikin lissafin ba. Bakano ba ya gudu sai in an ce kaya sun sauka da araha a Kwari, ko a nan ɗin ma yaronsa zai aika. Amma ubangida na gari ba ya zuba ido dukiyarsa ta lalace, shi ya sa na sa aka bi mini diddigin tseren da ka shiga a hunturun da ya wuce, na kilomita 10 ɗin nan da ka cika mana kunne da shi tun kafin damina ta ɗauke. Waɗanda suka gani da idonsu sun ce ana busa usur ka yi fit, ka bar jama'a da ƙura. A kilomita na 2 har kana ɗaga wa 'yan unguwarku hannu, suna ihu wai Zazzau ta gama da kowa. A na 4 ihun ya ragu. A na 6 sai ga yaran Filato a dunƙule, ba mai magana, ba mai haki, ƙafafunsu na sauka tare, suka wuce ka ba wanda ya ko dube ka. A na 8 aka gan ka hannu dafe da haƙarƙari, baki buɗe, har wata mai tallar kunu ta jera da kai tana tambaya ko a zuba maka na hamsin. Da aka tambaye ka me ya faru, sai ka ce wai ƙafa ne ya riƙe, hanya kuma bai da kyau. Ko uzurin ma sai da ka yi shi da Zazzaganci.

Ƙafarka lafiyarta ƙalau. Zan faɗa a bainar jama'a ko da zai sa ka kumbura: cikin 'yan tseren da ke tsakanin Kano da Kaduna ba ka cikin na baya. Abin da ka rasa lissafi ne, kuma shi duk digirorin da kuka tara a Samaru da Kongo ba su koyar da shi. A Kantin Kwari da Singa ake koyonsa. Gyara zama in karanta maka.

Ɗan tsere ɗan kasuwa ne da ya fito da ƙididdigaggen jari. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, abin da bai wuce na kalori 2,000 ko kusa da haka ba. Wannan shi ne tsabar kuɗin da ke aljihu. Akwai kuma kitse, wanda ko siriri irinka yana da mai yawa, amma shi kaya ne a sito: ba ya zama kuɗi nan take, sai a hankali, kuma sai da wadatacciyar iska. In kana tafiya daidai ƙarfinka, jiki yana gutsurar wannan ya gutsuri wancan, harka tana tafiya. In ka zarce, sai ya koma kan tsabar kaɗai yana ƙona ta da gaggawa, tsami yana taruwa a tsoka fiye da yadda jini ke iya kwashewa. Bashi ke nan ka ci, kuma wannan mai bashin ba ya jiran ƙarshen wata, a kilomita na 6 zai tare ka a gaban mutane ya riƙe maka wuyan riga. Wanda yake neman gama kilomita 10 cikin minti 33, kowane kilomita minti 3 da daƙiƙa 18 ne, ba ƙari ba ragi. In ya yi na farko a minti 3 cif saboda surukinsa na kallo, daƙiƙa 18 ɗin nan da ya ɗauka ya ci riba, da ninkin-ba-ninkinsu zai biya kafin ya ga igiyar ƙarshe.

Kada ka ce wayon Kanawa ne nake maka. Dubi Kelvin Kiptum na Kenya, wanda ya yi kilomita 42.195 cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a watan Oktoban 2023, watanni kaɗan kafin ya rasu a haɗarin mota yana ɗan shekara 24. Kowane kilomita ya yi shi ne a wajen minti 2 da daƙiƙa 51, wato mita 100 cikin daƙiƙa 17, sau 422 ba tsayawa. Amma ba wannan nake so ka duba ba. Rabin farko ya yi shi cikin minti 60 da daƙiƙa 48, rabi na biyu kuwa cikin minti 59 da daƙiƙa 47. Mutumin da ya fi kowa sauri a ranar ya fita ne yana riƙe da kansa, sai da tafiya ta raba tsakiya sannan ya kwance bakin jaka. Kai kuwa tun a bakin layi kake rabar da jarin ga 'yan kallo.

Asalin ɓarnar ma ba ranar tsere take faruwa ba, a atisayenka na kullum take. An ce in ɗan acaba ya wuce ka da safe sai ka ji kamar ya zage ka, ka bi shi har Hanwa. In kuratan soja suka fito daga bariki suna gudunsu na safe, sai ka bi ta gefensu ka wuce da ƙarfi don su san da kai a garin. Kowace safiya a wajenka ranar gasa ce, shi ya sa in ranar gasar ta zo ka riga ka cinye ta a titin Samaru ba mai ba ka ko kofin roba.

Eliud Kipchoge, wanda ya yi awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Balin a 2022, ya shafe shekaru a sansanin Kaptagat ƙarƙashin mai horar da shi Patrick Sang, yana cin fiye da kilomita 200 a mako in yana shirin babban tsere. Amma ranakun wuya ƙididdigaggu ne: Talata a fili ana zagaye da agogo, Alhamis dogon zango na kilomita 30 zuwa 40, Asabar gudun canjin taki, a ƙara wuta na mintuna a sassauta a sake ƙarawa. Sauran duk gudu ne na sannu, wanda in ka gan su a farkonsa za ka ce ai ko kai ka fi su. Yana rubuta kowane atisaye a littafi da biro. Yana kuma shiga layin shara da wanke banɗaki kamar kowa a sansanin, abin da ya kamata ya kwanta maka a rai, tunda shara ai sana'arku ce ta asali a gidanmu.

Masu horarwa da yawa sun tsaya a kan cewa wajen kashi 80 cikin 100 na gudun mako ya zama irin wanda mutum zai iya hira a cikinsa ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Wannan bai kamata ya gagari Bazazzagi ba. Ku da kuke iya kwana kuna gardama kan ko wane malami ya fi wane iya Turanci, nemi ɗan'uwanka ɗaya ku jera daga Samaru zuwa Shika ku dawo kuna musu. Duk lokacin da ka ji ba ka iya ƙarasa jimla, to ka yi sauri da yawa, rage. Ba lalaci ba ne. A irin wannan gudun ne zuciya ke koyon tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini ke yaɗuwa cikin tsoka, jiki kuma ya saba da cin kitse ya bar sukari don ranar buƙata. Huhu da zuciya suna saurin sabawa, amma ƙashi da jijiya suna da nawa, shi ya sa wanda ya ninka tazararsa cikin mako biyu yake wayar gari da ciwon ƙwauri ko na agara. Ƙari kaɗan-kaɗan ake yi, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma a mako ba, kuma bayan makonni uku na hawa a sauko a huta a na huɗu. Ƙarfin ba lokacin gudun yake shiga ba, lokacin barci yake shiga. Kai kuwa an ce sai sha biyun dare kake barin teburin mai shayi kana ba da labarin tseren da ba ka ci ba.

Ranar wuya kuwa a yi ta da gaske. Ga fili a jami'a, zagaye ɗaya mita 400. Yi mita 1,000 sau shida a takin da kake so ka riƙe ranar tsere, kana hutawa minti 2 a tsakani, kuma na shida ya zama daidai da na farko. In na farko ya fi na ƙarshe sauri da daƙiƙa 10, to ka maimaita halinka ne kawai, ba atisaye ka yi ba. Sannan ga Kufena. Allah ya dasa muku dutse a bayan gari, ba ku san amfaninsa ba sai kai baƙi ɗaukar hoto. Nemi gangare a gindinsa wanda za ka hau cikin minti ɗaya, ka hau da ƙarfi ka sauko da sassarfa, har cinya ta san an zo. Mu Dala namu matakala aka yi masa, domin mutanen kirki ke hawa. Kuma ka rage bin kwalta. Hanyoyin gona na wajen Bomo da Wusasa sun fi tausaya wa gwiwa, ba kuma tirela a can. Iyaka ka yi hankali da karnuka, kuma ka je ka gabatar da kanka ga 'yan sintirin unguwa tun da rana, kada wata asuba su yi maka tambayar da ake yi bayan an gama duka.

Yanzu bari in faɗa maka abin da yaran Filato suka fi ka, ban da hankali. Sun fi ka tudu. Jos tana sama da teku da wajen mita 1,200, Pankshin inda da yawansu ke atisaye ta ɗara haka. Zariya ba ta wuce mita 600 da 'yan kai ba, Kano ma ba ta kai ku ba, kuma wannan ne kaɗai abin da kuka fi mu tsawo a cikinsa. A kan tudu iska ba ta da kauri, abin da huhu ke samu a shaƙa ɗaya ya ragu, sai ƙoda ta saki sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya zauna makonni a can ya sauko, jininsa yana ɗaukar iska fiye da na wanda ya kwana a kwari. Iten ta Kenya tana kan mita 2,400. Bekoji ta Habasha, garin da ya fitar da Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, tana wajen mita 2,800. Mu nan abin da muke da shi Filato ne da Mambila, kuma ba banza ba ne ya sa sunaye irin su Emmanuel Gyang da Deborah Pam suka sha fitowa a sahun farko na 'yan Najeriya a tseren Legas. Amma tudun kaɗai ba ya gudu. Abin da ya fi tudun shi ne a garke suke atisaye, wanda ya fi ƙarfi yana jan na baya, wanda ya zaƙe ana tsawata masa. Kai kuwa kai kaɗai ne sarki kai ne bafade. Tattara jakarka ka je Pankshin ka yi wata guda, ka bi bayansu ka yi shiru. Na san shirun ne zai fi ba ka wuya.

Sai maganar ciki. An ce ka fara sayen wani gari a gwangwani mai hoton ƙato a jiki, kana damawa kana sha. Mayar musu da abinsu. Abincin 'yan tseren Kenya tuwon masara ne mai tauri, da ganye, da wake, da shayi mai madara da sukari. Duk akwai su a kasuwar Sabon Gari. Matsalarka ita ce fate. Ban raina abincin iyayenka ba, amma abin da rabinsa ruwa ne, sauran rabin yakuwa, ba shi zai kai mutum kilomita 30 ba. Ci tuwo da dare, ka karya da kunu da ƙosai bayan gudu, ka riƙe dabino a aljihu ranar dogon zango. Ranar tsere kuma kada ka gwada abin da cikinka bai sani ba, ko da kyauta aka raba shi a bakin layi, ko da yake na san hana Bazazzagi karɓar kyauta sai an haɗa da addu'a.

Takalmi kuwa, na ga saƙonka cewa in leƙa maka Ƙofar Wambai ko an buɗe dila mai irin wanda ake sa wa faranti a tafinsa. Tun 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafin takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma ɗaya tak, domin an tabbatar irin waɗannan takalma suna rage wa mai gudu wahala. Amma sosonsu yana mutuwa da wuri, kuma wanda ya iso gwanjo wani Bature ya riga ya gudu da ransa ya aiko maka da gawar. Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a Rum a 1960 ƙafarsa ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Ban ce ka cire naka ba, titin Tudun Wada ba Rum ba ne, akwai ƙusa da fasasshiyar kwalba. Na dai ce ba takalmi ne ya tsayar da kai a kilomita na 8 ba.

A nan zan ɗan tsaya maka, don duk lalacewar bawa ba a bari na waje ya cuce shi. Yadda ake shirya tseren titi a garuruwanmu yana da nasa alhakin. Za a ce a hallara ƙarfe 6 na safe, 'yan tsere su zo su ɗumama jiki, sannan a zauna jiran babban baƙo da zai ɗaga tuta. Ba zai iso ba sai rana ta take, ya kuma yi jawabi kan muhimmancin motsa jiki, shi da aka buɗe wa ƙofar mota. Gudun nesa sanyi yake so, manyan lokutan duniya a wajen digiri 10 zuwa 15 ake yin su, kuma mu Allah ya ba mu wannan kyauta a asubahin Disamba da Janairu, amma sai mu zubar da ita saboda mutum ɗaya bai gama karin kumallo ba. Ga ruwa da ke ƙarewa tun kafin rabin mutane su iso teburin. Ga a-daidaita-sahu da ke kutsowa tsakiyar 'yan tsere domin an buɗe hanya da zarar na farko ya wuce. Ga kuɗin kyauta da ake sanarwa a lasifika, a ɗauki hoto da ƙaton kwali mai siffar cek, sannan yaro ya yi watanni yana zarya a ofis.

Babbar cutar ma ita ce awo. Tseren da duniya ta yarda da shi da keke ake auna shi, a ɗaura wa ƙafarsa na'urar ƙirga juyi, a gwada ta a kan tazarar da aka auna da tef na ƙarfe, mai awon ya bi mafi gajeriyar hanyar da ɗan tsere zai iya bi, sannan a ƙara mita 1 a kan kowane kilomita don kada hanya ta gaza. Mu kuwa wani zai shiga mota ya kalli mita ya ce nan ne. Shi ya sa lokacin nan da kake ta taƙama da shi, wanda ka ce ka yi a wani gari shekarun baya har ka rubuta a bangon shagonka, nake ba ka shawara ka goge. In da hanyar ta cika kilomita 10 da yanzu ba a Zariya kake ba, da muna kallonka a talabijin.

Masu hawa acaba a tsakiyar tsere kuwa ba su suka fara ba. A gasar Olamfik ta 1904 a Amurka, wani mai suna Fred Lorz ya gaji a hanya ya shiga mota, ta ɗauke shi wajen kilomita 17, ya sauko ya ƙarasa da gudu ya shigo fili na farko ana tafi, kafin asirinsa ya tonu. Na bincika, ba a ce yana da dangi a Zazzau ba. Maganin wannan a yau ɗan guntun na'ura ne da ake liƙawa a lambar ƙirji, da shimfiɗu a wurare daban-daban na hanya masu rubuta lokacin da kowa ya taka. Inda ba kuɗin wannan, ko mutum biyu da biro da littafi a kowace kwana sun wadatar, in dai ba 'yan garin mai tseren ba ne.

Ana iya yi daidai a ƙasar nan, an kuma yi. Okpekpe, wani gari mai tuddai kusa da Auchi a jihar Edo, tun 2013 yake shirya tseren kilomita 10 da 'yan Kenya da Habasha ke zuwa, saboda an auna hanya, ana kuma tashi a kan lokaci. In da gaske kake son sanin matsayinka, can za ka je a watan Mayu, agogo ya faɗa maka gaskiyar da 'yan unguwarku ba za su faɗa ba.

Amma na ji wai idonka ya wuce nan, Legas kake hari a watan Fabrairu, cikakken fanfalaki. Tun da aka fara wannan tsere a 2016, lokacin da Abraham Kiptum na Kenya ya ci, mutanen gabashin Afirka ne ke kwashe manyan kyaututtuka, na farko cikin 'yan gida yakan shigo ne bayan an ba shi tazarar fiye da minti 10. A shekarun baya hanyar takan tashi daga Surulere ta hau doguwar gadar nan ta kan ruwa wadda ta kusa kilomita 12, ba inuwa, ba 'yan unguwa masu ihu, ga iska mai ɗumi da laima da gumi ba ya bushewa a cikinta. Kilomita 42 ya ɗara rabin hanyar Zariya zuwa Kaduna. Mai nauyin kilo 60 yana ƙona wajen kalori 2,500 kafin ya gama, ka kuwa ji abin da na ce aljihu ke ɗauka. Wajen kilomita na 30 zuwa 35 tsabar take ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi duhu, mutum ya fara tambayar kansa wa ya aike shi. A tseren kilomita 10 wanda ya yi gaggawa kunya kawai yake sha. A wannan motar asibiti ce ke kwashe shi. Ana shiga ne bayan wata huɗu na shiri, da dogon zango da ke hawa a hankali har ya kai kilomita 32 ko 35, ana koyon shan ruwa da cin abu ana cikin gudu, sannan a makonni biyu ko uku na ƙarshe a rage aiki a bar jiki ya cika. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kada ka ce sai ɗan Kenya. Abbas Mohammed, wanda ya wakilci Najeriya a Olamfik ta 1988, ya yi awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6 a 1990, bajintar da ta shafe fiye da shekara 30 ba ɗan ƙasar nan da ya taɓa ta. Ba takalmi mai faranti a zamaninsa, ba agogo mai magana da tauraron ɗan'adam. Ƙafafun suna nan, a rugage da gonaki da makarantun kwana, inda yaro ke cin kilomita 10 a rana zuwa makaranta da dawowa ba wanda ya taɓa riƙe masa agogo. Da gwamnonin da ke sayen 'yan ƙwallo za su ware kuɗin ɗan wasa ɗaya su riƙa shirya tseren ƙetare-daji tsakanin makarantu kowane hunturu, da ba sai mun dogara da irinka ba.

To ga hukuncin da na yanke. Bana ba Legas. Za ka yi rabin fanfalaki tukuna, kilomita 21, bayan ka dawo daga Pankshin. Kuɗin sharar da zan ba ka na watan Cika-ciki ba zan damƙa maka a hannu ba, don na san gwangwanin garin nan za ka saya. Zan sayo maka takalmi sabo, ba na dila ba, da littafi mai layi da biro biyu. Ranar tseren zan zo da kaina, a mota, in kafa kujera a kilomita na 5 da agogo da laima da gurasata. In ka iso wurina kai ne a gaba, zan sa yara su riƙe ka har yaran Filato su wuce sannan a sake ka. In kuma Allah ya sa ka ji magana har ka ci wani abu, ka tuna bawa da abin da ya mallaka duk na ubangidansa ne. Kofin ka riƙe, ku sha fate da shi. Ambulan ɗin a kawo Kano.